Ƙofar Arewa ta Cocin Harnby

Harnby, Litinin, farkon Nuwamba, 1871

Zuwa ga Gwaggona Keziah,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ƙafarki mai ciwo. Ki gaishe mini da mutanen layinmu da matan da muke gyaran kifi tare. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san iyakar karatuna na makarantar Lahadi ne.

Jiya aka yi wa yaron baftisma. Amos aka sa masa, sunan Baba. Ezra har yanzu bai ga ɗansa ba, jirginsu yana can wajen kamun kifi, sai wajen Kirsimeti. In sun shigo Yarmouth sauke kaya kika gan shi, ki ce masa lafiya muke. Kar ki gaya masa sauran.

Gwaggo, na yi wani abu a coci. Ban san mene ne ba, amma tun jiya ba wanda ya yi mini magana a ƙauyen nan.

Cocinsu ba kamar ɗan ɗakin addu'armu na katako ba ne, inda kowa ke jin numfashin na kusa da shi. Wannan da dutsen ƙyastu aka gina shi, hasumiyarsa zagayayya, rufinsa na kara, ƙasa duk duwatsun kaburbura, kina tafiya kina taka sunayen mutane. Rabaran Cubitt ya ce hasumiyar ta girmi duk sarakunan da muka san sunansu. Yanzu gyara ake yi, magina sun kafa katako a bangon arewa suna kankare farar ƙasa. Ƙofa biyu ce. Ta kudu babba ce mai shirayi, ta nan kowa ke shiga. Ta arewa ƙarama, sai an sunkuya, tana daura da kwatarniyar dutsen da ake baftisma a ciki. Tun da aka kawo ni garin nan ban taɓa ganinta a buɗe ba.

Jiya kuwa muna shiga na gan ta hangame. Iskar fadama tana hurowa kai tsaye kan kwatarniyar, har da tsattsafin ƙanƙara. Yaron kin san ƙarami aka haife shi, ga tari yana yi. Na duba, maza duk sun tsaya da huluna a hannu, ba wanda ya motsa. Na ce a raina magina ne suka manta. Rabaran yana cikin karatu na lallaɓa na tura ta, na sa sakata. Da ƙyar ma ta rufu. Na ji wata mata ta ja numfashi a bayana, na ɗauka ƙarar sakatar ce ta tsorata ta.

Sai abu na biyu. Uwar Ezra, Iya Tamar, ita ce uwar baftisma, ita ke riƙe da shi. Rabaran ya zuba masa ruwa ya miƙo mata shi. Yaro shiru, ido biyu, yana kallon rufi. Sai na ga ta zura hannu cikin zanensa ta kama cinyarsa da farce. Gwaggo, da idona na gani. Na fizge shi na ce, "Iya, me ya yi miki?" A gaban kowa na faɗa. Ta dube ni, ta juya ta dubi ƙofar, fuskarta ta yi fari kamar bangon.

Na gasa burodi mai zabibi na dafa shayi don baƙi. Mata biyu kawai suka shigo, su ma a tsaye suka sha, ba wadda ta leƙa shimfiɗar yaron. Da suka fita Iya ta ce, "Kin kulle shi a ciki, 'yar bakin teku. Kin kulle shi, kin kuma hana a kore shi."

Na ce, "Wa na kulle, Iya?"

Ta ce ba a kiran sunansa a gidan da ke da jariri. 

Ke da kika yi aikatau a ƙauye kina yarinya, ki gaya mini abin da na yi. Jikina kuma da zafi tun jiya, ƙirjina ya yi tauri a gefe ɗaya, yaron yana kamawa yana saki.

Allah Ya bar mini ke.

'Yarki,
Mahala Gotts

Yarmouth, Laraba

Mahala 'yata,

Na gaishe ki. Takardarki ta zo, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Mu lafiya lau, ƙafa tana nan yadda kika bar ta. Ban ga Ezra ba, kifi ya yi yawa bana, jiragen ba sa ko kwana a bakin gaɓa.

Duk samarin layin nan da suka bi ki, ba wanda ya yi miki sai manomi mai amai a jirgi. To ga shi nan, kin auri shi da cocinsa.

Saurara da kyau. Mutanen coci na ƙauye sun yarda cewa kowane jariri da Shaiɗan a jikinsa yake zuwa duniya, ruwan baftisma ne ke korar shi. In ya fito, ta ƙofar arewa yake bi. Shi ya sa ake buɗe ta ran baftisma ko ana zuba ƙanƙara, shi ya sa kuma ba za ki ga kabarin mutumin kirki a wancan gefen ba. Alamar ya fita ita ce kukan yaro. In yaro bai yi kuka da kansa ba, uwar baftisma ta mintsine shi a ƙarƙashin zane. Kowa ya san ana yi, kowa yana yin kamar bai gani ba, har limaman. A gidan da na yi aiki, allura ma uwargidan ta ɗauka zuwa coci.

Kin gane ke nan tsohuwar nan ba mugunta ta yi ba. Ta ga kin rufe ƙofa, ta so ko kukan a samu a rufa miki asiri, kika kunyata ta a gaban garinta.

Ni ban yarda da ko ɗaya daga cikin wannan ba. Yaran da aka yi wa baftisma a ɗakin addu'armu, ƙofa a rufe, taga a rufe, ga su nan sun girma, shaiɗancinsu bai fi na kowa ba. Amma ba ni ke zaune a Harnby ba, ke ce. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ko ta amsa ko kar ta amsa.

Wanda ya fi damuna shi ne layin ƙarshe na takardarki, wanda kika rubuta kamar ba komai ba. Ki gasa ƙirjin da tsumma mai zafi. Ki sha kunun alkama ko ba ki so. Ki riƙa sa masa ko ba abin da ke fita. Kuma tun yanzu ki san wace mata ce ke shayarwa a ƙauyen, ki yi mata fara'a. Ki rubuto mini da wuri, kar ki ɓoye mini komai.

Ubangiji Ya tsare ku.

Gwaggonki,
Keziah Larn

Harnby, Litinin

Gwaggona,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kin tashi lafiya. Na gode da takarda. Da na karanta na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Zazzaɓin ya sauka amma ya tafi da nonon. Ɗan abin da ke fita bai cika cokali ba. Muna jiƙa masa burodi a madarar saniya, yana haɗiyewa yana dawo da shi. Tsakar kansa ta faɗa. Ba ya kuka, Gwaggo, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Baki kawai yake buɗewa kamar kifi a kwando.

Na ba Iya haƙuri a durƙushe yadda kika ce. Ta ce, "Tashi, ƙasa da sanyi." Shi ke nan. Ita ke hura wuta, ita ke jiƙa burodin, ta zuba gishiri a bakin taga, ta sa Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin shimfiɗarsa. Amma tun ranar ba ta taɓa shi ba. In zai faɗi ma ina jin kirana za ta yi.

Mai shayarwa ɗaya ce a ƙauyen, Hepsy Thirtle, ta haifi mace lokacin girbi. Mace ce mai jiki mai dariya, ita ta fara yi mini magana da na zo. Har cewa take yi ita da saniyar Rabaran gasar nono suke yi, kuma saniyar ce a baya. Na naɗe Amos na je. Ba ta buɗe mini ƙofa duka ba, rabi ta buɗe.

Na ce, "Yaya Hepsy, ko sau biyu a rana. Zan yi miki wanki, zan yi miki ɗiban ruwa, duk abin da kika ce."

Ta ce, "Mahala, ba ƙinki nake yi ba, Allah Ya sani. Amma inda bakinsa zai kama, nan 'yata za ta kama bayansa. In abin ya bi ta nan ya shige ta fa?"

Na ce, "Ki dube shi mana. Wannan ne ya yi miki kama da mai wani abu a jiki?"

Ta ce, "Ai shi ya sa ba na son in duba."

Sai uwar mijinta daga ciki ta ce, "Hepsy, zafin ɗaki yana fita." Ta rufe.

Daga can na wuce wajen Rabaran Cubitt. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera kusa da wuta. Na roƙe shi ya sake yi wa yaron baftisma, ƙofa a buɗe. Ya ce, "Uwargida Gotts, baftisma ɗaya ce, ba a maimaita ta. Ɗanki na Ubangiji ne tun ranar, ba abin da ke cikinsa sai yunwa." Ya ce wai ita ƙofar, mutanen da can ne suka yi ta don ranar idi, su fita ta nan da tutoci su kewaya coci su dawo ta kudu. Da aka daina kewayen aka manta amfaninta, sai mutane suka ƙirƙiro mata wani. Ya kira likita da kansa. Likitan ya duba ya ce nonon mace, ba wani magani. Rabaran ya je gidan Hepsy, ta rusuna ta ce to, ba ta zo ba. Jiya ya yi wa'azi a kai tun daga farko har ƙarshe, kowa ya ce amin, aka fito ana kauce mini a hanya.

Kuma ya ce ran Juma'a magina za su toshe ƙofar gaba ɗaya. Bangon ya tsage a samanta, kuma nan za a kafa murhun ɗumama coci. Ya ce gara ma a toshe, a huta da wannan magana. Shi a ganinsa taimakona ya yi. Da Iya ta ji ta zauna a kan kujera ta ce, "To shi ke nan. In an toshe, ta ina zai fita?"

Ga wani abu kuma. Magina suna kankare farar ƙasa a saman ƙofar sai zane ya fito daga ƙarƙashi. Wani ƙato ne, tsawonsa har kusa da rufi, ja da baƙi, da sanda a hannu, ga ɗan yaro a kafaɗarsa. Rabaran sai murna yake yi, ya ce waliyyi ne mai haye da mutane kogi, an shafe shi tun zamanin da aka farfasa fuskokin da ke jikin kwatarniyar baftisma. Amma mutanen ƙauye ba haka suka ce ba. Sun ce shi ne, wanda ba a kiran sunansa. Sun ce an kulle shi ya rasa hanya, shi ne ya fito a bango ya nuna abin da ya riƙe. Yara suna zuwa ƙofar gidanmu suna leƙe. Ni ban je na gani ba, ba zan iya ba.

Gwaggo, ni ban san wa zan yarda da shi ba. Wani lokaci ina kallon yaron in ce ko dai da gaske ne. Ki yafe mini wannan.

Ki yi mana addu'a.

'Yarki,
Mahala

Yarmouth, Laraba

Mahala,

Gaisuwa a taƙaice, hannuna duk gishiri.

Na zaga layi uku neman mai shayarwar da za ta bi ni ƙauye. Ba wadda za ta bar gyaran kifi a wannan wata. Amma matar wani mai ɗinkin taru ta ce in an kawo shi nan za ta ba shi. Don haka ran Asabar zan hau keken dokin mai kai saƙo in zo in ɗauke ku, ke da shi. Ba zan yi miki ƙarya ba, wuni guda ne a buɗaɗɗen keke cikin wannan sanyi, ban sani ba ko zai jure. Amma zama a nan ma na san ƙarshensa.

Kar in ƙara jin kin ce ko da gaske ne. Yaron da ke jin yunwa shiru yake yi in ƙarfinsa ya ƙare, na gani ba sau ɗaya ba.

Rabaran ɗinki yana da gaskiya, sai dai gaskiyarsa ba ta fitar da nono. Mutanen nan ba wa'azi za su ji ba. Tsohuwar da ke zuba gishiri a taga kuwa ba ƙin jikanta take yi ba, tsoro take ji, kuma maganarta ta fi ta Rabaran nauyi a wajen matan garin. Ban san yadda za ki yi da wannan ba. Na dai faɗa miki.

Ki haɗa kayansa masu kauri. Ki riƙa ɗiga masa ruwan sukari da tsumma mai tsabta.

Allah Ya kai mu Asabar.

Keziah

Harnby, Juma'a da la'asar

Gwaggona,

Ina gaishe ki. Zan ba mai keken doki wannan a hannu in zai wuce, tafiyar dare zai yi, don ta riske ki kafin ki taso. Kar ki zo gobe tukuna. Ki karanta ki ji.

Yau da safe ina haɗa kayansa na ji ƙarar guduma daga coci. Na san sun fara. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san me zan yi ba. Na naɗe shi da bargon Ezra na fita.

Na tarar sun cire ƙyauren sun jingina shi da wani kabari, sun fara jera dutse a bakin ƙofar, ya kai gwiwa. Na shiga ta kudu, na wuce kwatarniyar, na je na zauna a kan sabon ginin, a cikin ƙofar, yaron a ƙirjina.

Shugaban magina, Mista Blyth, ya ce, "Uwargida, kin zauna mini a kan aiki."

Na ce, "Na sani, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Kwaɓina zai bushe fa."

Na ce, "Ka yi haƙuri."

Ya cire hula ya sosa kai, ya ce wa yaransa su je su tankaɗe yashi. Shi ya zauna a kan bokiti ya cika lofensa da taba.

Ina zaune na leƙo na ɗaga kai, sai ga zanen a samana. Gwaggo, na daɗe ina kallo. Ƙafafunsa a cikin ruwa suke, ya naɗe riga har cinya, ga kifaye suna ratsa tsakanin ƙafafun, har da ƙaguwa ɗaya ta kama masa yatsa. Ya karkata kai yana duban yaron kamar yana tambayarsa ko ya zauna daidai. Haka Baba yake yi in ya sauko da ni daga kwalekwale. Yaron kuma ya damƙi gashinsa, yadda nake yi. Mista Blyth ya ce ya sha samun irinsa a tsofaffin coci, kullum daura da babbar ƙofa, don mai shigowa ya fara ganinsa. Ni dai tsoro ya sake ni daga nan, sai sanyi.

Kafin tsakar rana labari ya zaga. Mutane suka taru, wasu a cikin coci, wasu a waje ta gefen arewa cikin ciyawa, inda ba sa takawa da. Matan da suka kawo wa mazansu abinci suka tsaya da tukwane a hannu. Hepsy tana cikinsu, mijinta yana yi wa magina dakon dutse. Ta tsaya can wajen ginshiƙi tana kallon ƙasa.

Sai ga Iya, ko mayafi ba ta ɗaura daidai ba. Ta ce, "Ke, tashi. Abin da ya rage ki kashe shi da sanyi ne?"

Na ce, "Iya, ƙofa a buɗe take. Ba ta taɓa buɗewa kamar yau ba, ko ƙyaure babu."



Uwar mijin Hepsy ta ce daga baya, "Ai an wuce wurin. Ruwan ya bushe tun tuni."

Iya ta juya ta ce, "Wa ya gaya miki, Bet? Kin taɓa ganin an rufe ƙofar nan kafin wannan shashashar ta zo? To daga ina kika san ƙa'idar?"

 

Na zura hannu cikin bargon na kama cinyarsa. Gwaggo, ba nama, fata ce kawai ta taho a hannuna. Na matsa kaɗan, ya motsa baki, ba sauti. Na sake gwadawa, yatsuna suka ƙi. Wannan yaro ko ƙuda ba na bari ya sauka a kansa. Sai na tashi na miƙa mata shi na ce, "Iya, ni ban iya ba. Ki yi."

Ta tsaya tana kallonsa. Na ɗauka ba za ta karɓa ba. Hannuna har ya fara gajiya. Sai ta goge tafinta a riga ta karɓe shi. Da ta ji nauyinsa na ga fuskarta ta canja, ta ce a hankali, "Haka ya koma?" Ta taka zuwa gindin kwatarniyar, daidai inda ta tsaya ran nan, ta juya fuskarsa wajen ƙofar.

Lokacin Rabaran ya shigo, wani ya je ya kira shi. Na ce a raina zai hana. Ya dube ni, ya dubi Iya da hannunta cikin bargo. Sai ya ce, "Mista Blyth, zo ka nuna mini tsagar nan kuma." Suka juya mana baya su biyu, suna nuna bango da yatsa kamar ba abin da ya fi shi muhimmanci a duniya.

Ta mintsine shi. Shiru. Coci cike da mutane amma kina jin ɗigar ruwa daga rufi. Ta rufe ido ta sake, wannan karon har na ga jijiyar hannunta ta tashi. Ni na ji zafin a jikina.

Ya yi kuka, Gwaggo. Da farko siriri kamar ɗan kyanwa, sai ya ja numfashi ya sake shi da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya bugi rufin ya dawo.

Iya ta daka tsawa ta ce, "Ku ba shi hanya!" Waɗanda ke tsaye a waje bakin ƙofar suka watse, mijin Hepsy ya faɗa cikin kwaɓi har gwiwa. Ta tsaya kaɗan kamar mai saurare. Sai ta ce, "Ya fita. Blyth, toshe abinka, kuma ka toshe da kyau."

Yaron bai daina kuka ba. Na dubi Hepsy. Tana nan riƙe da tukunya, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, gefe biyu, yana gangarowa. Ta dubi kanta ta ce, "Kin ga abin da ɗanki ya jawo mini a gaban maza." Ta dangwara wa uwar mijinta tukunyar a hannu, ta zauna a matakalar kwatarniyar, ta ja mayafi ta ce, "Miƙo shi nan, tun kafin tsohuwata ta samo wata ƙa'idar."

Amma Gwaggo, bai kama ba. Kukan ya cinye ɗan ƙarfinsa. Ta ɗiga masa a leɓe, ya lasa, ya kama sau ɗaya ya saki, ya yi barci. Ta ce a bar shi, in ya farka a sake. Yanzu muna gidanta, tana riƙe da shi a jikinta, Iya tana zaune a bakin ƙofa ta hana kowa shigowa. Ni aka ce in fita in sha iska don ina tsaye musu a ka, shi ne nake rubuta miki a kan murfin rijiya. Daga nan ina jin gudumar Blyth.

Ban san abin da zai faru ba. Ki jira sai kin ji daga gare mu. Ga mai keken nan ya iso.

Ki ci gaba da addu'a.

'Yarki,
Mahala

Harnby, Talata

Zuwa ga Keziah Larn,

Ina gaishe ki. Ba mu san juna ba, amma an ce kina da baki. Ni ce Tamar Gotts. Ban iya rubutu ba, matar ɗana ke rubutawa, na ce mata kar ta ƙara kar ta rage.

Yaro yana sha. Hepsy ta ce ya fi 'yarta ci, kuma ba shi da kunya. Kuka yake yi yanzu ya hana kowa sakat. Shatin cinyarsa ya yi baƙi, zai goge.

An toshe ƙofa. Ta ina za a riƙa fitar da shi ga yaran da za a haifa nan gaba, ban sani ba, wannan ya rage wa Rabaran, shi ya toshe.

In kin ga Ezra ki ce masa ɗansa ya ɗauko hancinmu. Ki aiko da kyafaffen kifi mai kyau don Hepsy, ba irin wanda kuke sayar wa 'yan ƙauye ba.

Yarinyar nan taku shashasha ce, tana rufe abin da ta tarar a buɗe, tana zama a kan aikin mutane. Ba sai kin zo ɗaukarta ba. Ki bar mana ita.

Ki huta lafiya.

Tamar Gotts, ga alamar hannunta

Gwaggo, haka ta faɗa, haka na rubuta. Alamar ta karkace ne don da hannun hagu ta yi, na daman yana riƙe da Amos.